Rabi'at Da Sabuwar Manhaja

Duk marubucin da ya fara kai littafi kasuwa a Kano a farkon shekarun 2000 ya san Rabi'at. Ba wata budurwa nake nufi ba, mai karatu, salon haruffan nan ne da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro, tare da wani mai suna Abdalla, a zamanin da kwamfutocinmu ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba. Dabara aka yi: aka ari gurbin wasu alamomi da Bahaushe bai cika taɓawa ba, aka zana namu haruffan a kai. Ka danna } sai ƙ ta fito, ka danna ] ka ga ɗ, ka danna ~ ka ga ɓ. Da ita na rubuta littattafaina goma sha ɗaya, tun muna kan Windows XP, muka ratsa Windows 7, har muka sauka a Windows 10.

To, ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10. Kwamfutar da duk jarina ke cikinta ba zan bar ta babu ƙyaure ba, sai na ɗauke ta muka nufi Beirut Road. Windows 11 tana da sharuɗɗa kamar gidan surukai: RAM aƙalla 4GB, ma'aji 64GB, da wani abin tsaro da ake kira TPM 2.0. Tawa ta hannu ce, amma ta tsallake. Yaron mai gyara ya ce, "Hajiya, gara mu kwashe kayanki a filas, mu share komai mu ɗora sabuwa fes." Na ce bismillah.

Da daddare na buɗe littafina na huɗu, wanda mai ɗab'i ke jira mu sake bugawa. Abin da na gani shi ne: "Ta ]aga kai ta dube shi, }walla na zuba, ta ce ka ~ata min rayuwa." Shafi ɗari biyu da ɗoriya, duk haka. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Wurin da na sa mata kuka a gidajen aurensu ya koma kamar allon lissafi.

Ashe ba abin da ya ɓace. Rubutun na nan, rigar ce aka tuɓe masa, tunda sabuwar manhaja ba ta zuwa da Rabi'at. Washegari na samo ta wurin wani dattijon mai buga takardu da muka daɗe tare, na ɗora, ƙugiyoyi suka dawo mazauninsu.

Amma hankalina bai kwanta ba. Yanzu mafi yawan masu karanta mu a waya suke karatu, waya kuwa ba ta san Rabi'at ba. Haruffanmu suna da gurbinsu na kansu a tsarin Unicode, wanda kowace na'ura ke ganewa. Don haka na shiga sauya su: na buɗe littafi, na umarci Word ta nemo kowane } ta mayar da shi ƙ, haka ] da ~, sannan manyan haruffa. Aiki ne mai son natsuwa, don inda na sa baka ta gaskiya ita ma sai ta koma harafi, dole na bi da ido.

Sauran gyare-gyaren ba su ci lokaci ba. Na ƙara allon rubutun Hausa, ina danna maɓallin Windows da na tazara in koma Turanci in na so. Na kashe jan layin nan da ke bin kowace kalmar Hausa kamar malamin makaranta mai fushi. Na nuna wa kwamfutar cewa datata a ƙidaye take, kada ta riƙa sauke manyan kaya ba sallama. Maɓallin farawa kuma da aka kai tsakiya na mayar da shi hagu, inda hannuna ya saba samunsa fiye da shekara ashirin.

Zuwa yanzu littattafai huɗu sun koma sababbin haruffa, na huɗun ma ya tafi wurin mai ɗab'i. Saura bakwai, ina yin ɗaya duk Asabar idan an kawo wuta.