Ganuwa da Kududdufi Su Ma Abin Karatu Ne

Jama'a, ku da kuka sami takardar shaidar yaƙi da jahilci, kun san karatu bai tsaya ga baƙi da wasali kaɗai ba. Akwai wani karatu da malaman jami'a ke yi, watau karatun gari: inda aka kafa shi, ƙasar da ya zauna a kai, da al'adun mutanensa. Ni akawu ne, aikina rubuta sunan mai gida da iyakar filinsa, don haka zancen ya shafe ni.

Ku dubi Katsina. Magabata sun kewaye ta da ganuwa, suka yi mata ƙofofi, irin su Ƙofar Sauri da nake zaune, da Ƙofar Ƙaura, da Guga, da Marusa, da Durɓi, da 'Yanɗaka. Wani Bajamushe mai suna Barth ya zo a 1851, ya kimanta kewayen ganuwar kamar mil 13, amma ya tarar gidaje ba su cika cikinta ba. Da gangan aka bar fili a ciki, don in abokan gaba sun tsare gari a sami wurin noma da kiwo.

A zamaninmu, Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya bi garuruwan ƙasar Katsina, ya zauna gaban tsofaffi, ya duba tsofaffin takardu, ya rubuta yadda ƙasar ta yi ta sakewa daga 1400 zuwa 1883. An buga littafin a 1981. A Kaduna kuma, Gidan Arewa, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a 1970, yana adana irin waɗannan takardu.

To, ina amfanin wannan ga talaka? Ku ɗauki kududdufi. Daga cikinsa aka haƙi ƙasar gina gidaje, sa'an nan in damina ta sauka shi ke shanye ruwan unguwa. Yau sai a cike shi da shara, a yanka fuloti, a kawo takarda ofis. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa, ranar da aka yi mamako sai ya shiga ɗakunan mutane. Haka ganuwa, kowa ya ɗebi kwando guda, har ta zama tudu, wani wurin ma babu alamarta.

Saboda haka in ɗalibi daga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi muku sallama da littafi a hannu, kada ku zaci mai haraji ne. Ku shimfiɗa masa tabarma, ku kai shi ga dattijon unguwa. Ku ma da kuka iya alƙalami, ku rubuta sunan kowace rijiya da kududdufi da kuka na unguwarku, da abin da tsofaffi suka ce a kansu, tun suna da rai. Allah ya ba mu ikon yi, amin.