Yadda Uwata Ta Shiga Karatun Likita

Mai karatu, kada ka ga kan wannan magana ka zaci tsohuwar da ta haife ni ce ta ɗauki littafi ta tafi jami'a. Allah ya jiƙanta, ta rasu tun ina saurayi. 'Yata ce ta fari, wadda na mayar wa sunan tsohuwar, saboda haka bakina ba ya iya kama sunanta, sai dai in ce Uwata. Ni kuwa akawu ne a ƙaramar hukuma, watau abin da iyayenmu su ke kira En'e. Na sauke Alƙur'ani, na yi firamare, ban ƙara gaba ba. Gidana yana Ƙauyen Alu, cikin ƙasar Tarauni. Shekara da shekaru ina bi ta Gyaɗi-Gyaɗi, ina wuce ƙofar Asibitin Malam Aminu Kano a bakin hanyar Zariya, ina ganin samari da 'yammata cikin fararen riguna, ban taɓa zaton akwai abin da ya haɗa ni da su ba.

Sa'ad da Uwata ta ke da shekara tara, mahaifiyarta ta tashi haihuwa ta huɗu. Naƙuda ta yi tsawo tun daga magariba. Da tsakar dare ungozoma ta fito ta ce abin ya fi ƙarfinta, a tafi asibiti. Ni na hana. Ba kuɗin mota na rasa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kada namiji ya duba iyalina, kuma a lokacin ina ganin kishin addini na ke yi. Na zauna ina rubutu ana wankewa ana ba ta. Da gari ya waye muka tafi wani asibiti a kan tilas, namijin nan da na ke gudu kuwa shi ya yi mata aiki, ta tsira da ranta. Yaron bai zo da rai ba. Duk wanda ya zo jaje sai ya ce haka Allah ya ƙaddara, kuma gaskiya ne. Amma wanda ya ƙaddara shi ya ba mu hankali, kuma ni kaɗai na san yadda na kashe daren nan.

Ashe yarinyar tana rakuɓe a bakin ƙofa, ta ji kome. Ba ta ce uffan ba sai bayan shekara biyar, ran da ta zo ta durƙusa ta ce tana so ta yi jarrabawar shiga makarantar kimiyya. Irin waɗannan makarantu Gwamnatin Kano ta fara buɗe su a 1977, a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, domin jihar ta sami likitoci da injiniyoyi daga cikin 'ya'yanta. Daga baya aka yi na 'yammata, kamar ta Garko. Na tambaye ta dalili. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, da likitan nan mace ce, da ka kai Umma tun da dare?" Na rasa ta cewa. Na sa hannu a takardar.

Rigima ba ta taso ba sai da ta sami shiga jami'a. Ina da wa, malami ne mai almajirai a zaurensa, kuma maganarsa ita ce magana a zuriyarmu. Kada ka ɗauke shi cikin masu ƙyamar boko ido rufe. 'Ya'yansa duka sun yi makaranta. Ya kira ni ya ce, "Ka san abin da a ke yi a karatun likita? Gawa a ke kwantarwa a ba yara wuƙa su feɗe. Mamaci yana da alfarma kamar mai rai. Hakkinsa a yi masa wanka da sutura a kai shi makwancinsa. Ka yarda 'yarka ta yanka ɗan wani?" Ya kawo maganar cuɗanya da maza, da aikin dare, da shekara shida ba aure. Na ce, "Yaya, waɗannan na baya ina da amsarsu, amma ta gawa ba ni da ita."

Sai muka ɗunguma wurin tsohon malaminmu, wanda ya biya mana Iziyya da Risala mu duka biyu. Ya saurare mu har muka gama, sa'an nan ya sa aka ɗauko masa Ihya'u na Imamu Gazali. Ya bayyana mana cewa a cikinsa an lissafa ilmin likita da ilmin lissafi cikin farillan kifaya, watau abin da in wasu suka yi ya faɗi a kan saura, in kuwa kowa ya bari duk gari ya yi laifi. Ya ce Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi kukan garuruwan da malaman fiƙihu suka cika su, amma ba likita Musulmi ko ɗaya. Game da gawa kuwa, ya ce majalisar malaman fiƙihu ta zauna a Makka a 1987, ta halatta fiɗa domin koyon likita bisa sharuɗɗa: a tsaya iyakar bukata, gawar mace mata su yi aikinta in akwai su, kuma a binne kome bayan an gama. Yaya ya yi shiru, can ya ce, "Malam, na ji. Ban sa hannu ba, ban kuma hana ba." A wurinsa wannan ba ƙaramin sassauci ba ne.

A hanyar komowa na yi ta tunanin yadda muka makara. Tun 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nasarawa nan Kano, amma kakanninmu suka yi ta ɓoye 'ya'yansu. Ba na ganin laifinsu ƙwarai, gama makarantar ta biyo bayan bindigar da ta ci garin a 1903. Sai dai ga sakamakon: likita na farko daga Arewa, Dokta Barau Dikko, ɗan Wusasa ne, inda mishan suka kafa makaranta da asibiti. Shi addininsa ya buɗe masa ƙofar da namu tsoron ya rufe mana. Abin mamaki kuma, Jami'ar Bayero da ke yaye likitoci yanzu, a cikin Makarantar Koyon Larabci ta Kano aka haife ta a 1960.

Ran da Uwata ta fara shiga ɗakin fiɗa ta komo gida ba ta ci abinci ba, kuma ta yi mako biyu ba ta taɓa nama ba. Ta gaya wa mahaifiyarta cewa kafin ta ɗora hannu sai da ta yi wa mutumin addu'a a zuci, ko da ya ke ba ta san ko wane ne ba, ta kuma lura abokiyarta Kirista ta runtse ido tana yin tata. In aikin gwaji ya ci lokacin azahar, su kan fita salla bi da bi. Abu guda ne ban sami natsuwa a kansa ba. Akwai darasin asalin halittu, wanda ke cewa masu rai sun yi ta sauyawa daga wani iri zuwa wani cikin miliyoyin shekaru. Na tambaye ta yadda ta ke yi da shi. Ta ce, "Baba, abin da aka koya mini shi na ke rubutawa a jarrabawa, abin da na yi imani da shi kuwa yana nan inda ya ke." Aljihu biyu ke nan. Na so a ce akwai malamin da ya san ilmin biyu, ya zauna da yaran nan ya warware musu, maimakon a bar kowa ya ɗinka wa kansa.

Yanzu ita ke auna wa Yaya jini duk Jumma'a, yana miƙa hannu yana cewa, "Likita, yaya kika gani?" Har ya fara aiko mata 'ya'yan maƙwabta su nemi shawara.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ƙanenta ya gama sakandare bana, shi kuwa lissafi ne ya shiga ransa. Ya kan kwana a kan tambaya guda. Yaya ya ce lalle ya bi sawun yayarsa, domin likita aikin lada ne, lissafi kuwa wa zai ceta? Na kuma lura ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. A unguwarmu duk yaron da ya yi ƙoƙari a kimiyya, likita a ke yi masa fata, ko aikin jinya, ko haɗa magunguna, gama nan ne iyaye su ke ganin lada da idonsu. Sauran fannoni ba mai yi musu wa'azi. Alhali kuwa ba a raba gado sai da lissafi, kuma Alhawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza, babban kashi na littafin a kan wasiyya da gado ya yi shi. Mu ma muna da namu: Malam Muhammadu Alkashinawi, Bakatsine, masanin lissafi da taurari, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741. Na kawo wa Yaya waɗannan duka, ya ce wannan zamanin da ne.

Takardar neman shiga jami'a tana cikin jakata yau kwana tara, an cika ko'ina sai gurbin fanni. Na ce wa Yaya mu koma wurin Malam ran Asabar, a sake buɗe shafin nan na Ihya'u, tun da ni dai na ji an ambaci lissafi tare da likita. Ya ce shi bai tuna ba. Malam kuwa ya ƙara tsufa, jinsa ya ragu, sai na ɗaga murya.