Tumatir Mai Riga

Gidan da muke haya a Yakasai ba shi da fili. A tsakar gida ake girki, a nan ake shanya, a nan yara suke wasa. Duk da haka tun 2016 muke shuka kayan miya a cikin buhuna. A shekaran nan ne tsutsar da manoma suke kira Sharon ta cinye tumatir a Kadawa da Kura, har uwargida ta riƙa dawowa daga Kasuwar Rimi da guda huɗu tak.

A 2023 wani abokin aikinmu ya ba mu wani iri a ambulan. Ya ce tomatiyo ne, tumatir na ƙasar Meksiko, kowane ɗa yana cikin rigarsa mai kama da takarda. Da muka ga hotonsa sai muka yi dariya, gama mun san 'yar'uwarsa. Matsarmama ce, wadda muke tsinka a bakin gona muna yara. Dangi ɗaya ne, sai dai na Meksiko yakan kai girman ƙwan kaza, ga tsami.

A watan Oktoba muka yafa irin a wani tsohon kwano mai huji, cikin ƙasa da yashi da busasshen kashin awaki. Kwana goma ya tsiro, shida suka yi ƙarfi. To, ruwanmu na saye ne a wurin mai garuwa, wuri kuma babu. Sai muka yi lissafi irin na malaman makaranta, muka bar mafi kyau, muka tuge biyar.

Ya yi girma, ya yi furanni rawaya ba iyaka. Waɗansu suka zube, waɗansu suka yi riga. Kullum da safe ƙaramarmu takan je ta matsa rigar, ta ce, "Baba, iska ce a ciki." Wata uku muna ba shi ruwa, ko ɗa ɗaya ba mu ci ba. Uwargida ba ta yi faɗa ba, ta dai ce, "Malam, da attarugu ne a buhun nan da yanzu yana cikin tukunya."

Ashe laifinmu ne. Tumatir ɗin da muka saba da shi, furensa yana iya ɗaukar garin kansa ya yi 'ya'ya. Shi wannan kuwa ba ya karɓar nasa, sai an kawo masa garin furen wani gindi dabam, ƙudan zuma ne kuwa masu kawowa. Biyar ɗin da muka tuge, su ne abin da yake bukata.

Da ƙyar muka sami izinin sake gwadawa a 2024. Wannan karo gindi uku muka dasa kusa da juna, bayan mako biyar a kwano. Muka binne karan da zurfi, domin yakan fid da saiwa duk inda ya taɓa ƙasa, muka kafa musu sanduna. A bakin kowane buhu muka sa albasa, tun da saiwarta ba ta nisa. A wani bokiti muka shuka daddoya, muka hana a tsinke kanta har ta yi fure, don ta jawo zuma. Sun kuwa zo, ko daga ina a cikin birnin nan, oho. Ana cewa ƙanshin daddoya yana korar ƙwari. Mu dai ba mu daina duba bayan ganye muna cire tsutsa da hannu ba. Yalo da attarugu muka kai su can bakin zaure, gama danginsu ɗaya da baƙon, ƙwarinsu ma ɗaya.

A ƙarshen Janairun 2025 'ya'yan suka cika rigunansu har suka yage. Ba a cin rigar, ɗan kuma yana da danƙo, sai an wanke. Uwargida ta gasa su a garwashi, ta jajjaga da attarugu da albasa, ta zuba a fate maimakon yakuwa. Ba wanda ya rage. Ita da kanta ta bar biyu suka nuna sosai, ta shanya irin a faifai. Da muka roƙi buhu na huɗu ta ce a'a, wurin turminta ne.