Daga Kano zuwa Samaru, inda ake tare saƙo a hanya

Da sassafe na hau mota a tashar Unguwa Uku. Muka bi ta Kura da Kwanar Ɗangora da Tashar Yari, hantsi bai gama dubar ludayi ba muka isa Zariya. A Kwangila na sauka, na hau a-daidaita-sahu zuwa Samaru, inda ɗan ƙanwata yake haya. Shi da abokansa suna gina manhajar waya ta cinikin hatsi, ya kuma daɗe yana roƙona in zo in gani.

Bayan mun gaisa na sha ruwa, ya jawo kwamfutarsa ya buɗe Charles, manhajar da Karl von Randow na ƙasar Niyu Zilan ya ƙirƙira. Ya haɗa wayarsa da kwamfutar a wayifai ɗaya, ya saita wayar ta riƙa tura duk saƙonta ta cikin kwamfutar, ta ƙofa mai lamba 8888. Da yake saƙonnin a kulle suke tafiya, sai da ya sa wa wayar takardar shaida ta Charles. Ya ce tun fitowar Android 7 a 2016 manhajoji ba sa amincewa da irin wannan shaida, sai mai manhajar ya ba da izini da kansa a kwafin gwaji.

Sai ya zaɓi adireshin biyan kuɗi, ya kunna masa abin da Charles ke kira Breakpoints.

"Kawu, danna nan ka saya."

Na danna. Wayar ta tsaya tana jira, saƙon kuwa ya bayyana a fuskar kwamfuta, an tare shi kamar motar da aka tsayar a shingen bincike: ga sunan kaya, ga adadi, ga farashi. Ya goge 50000 ya rubuta 50, ya sallami saƙon. Sabar gwajin, wato kwamfutar da manhajar ke aika wa saƙo, ta karɓa ba musu. Ɗakin ya yi tsit. Sabar ta yarda da farashin da waya ta faɗa mata, ba ta duba nata lissafin ba, kuma duk wanda ya iya wannan aiki zai iya kwashe buhu a kan kuɗin da ko ƙosai ba zai saya ba. Nan take abokinsa ya zauna gyara.

Abin da ya fi burge ni shi ne tare amsa a hanyar dawowa. Sabar ta aiko da 200, alamar komai lafiya, shi kuma ya mayar da ita 500, alamar sabar ta samu matsala. Manhajar ta yi ta juyi, ba ta ce an biya ba, ba ta ce ba a biya ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS ya san wannan zullumi. Ya kuma riƙe wani saƙon da gangan har wa'adinsa ya wuce, don ya ga halin da ɗan kasuwar ƙauye zai shiga idan sabis ya ɗauke.

Bayan la'asar ya rako ni Kwangila na kama hanyar gida. Roƙona ga matasanmu masu gina manhajar da kuɗin jama'a ke bi ta cikinta: ku tare saƙonninku, ku ɓata su da hannunku a sabar gwaji, ku ga yadda manhajar za ta yi kafin ku miƙa ta ga mutane.