Liyarin Kaka a Kasuwar Kurmi

Ranar Asabar da hantsi na shiga Kasuwar Kurmi ta birnin Kano, hannuna dunƙule a aljihu. Abin da na dunƙule liyari ne, tsohon kuɗin azurfa da kakata ta kwance daga bakin zanenta ta ba ni, ta ce in sayar in cika kuɗin jarrabawa. Tun ranar aurenta yake hannunta.

Baƙo a Kurmi sai ya ɓata. An kafa kasuwar tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma har yau lungunanta a matse suke, mutum biyu sai sun karkace kafin su wuce juna. Na ratsa masu sirdi da linzami, na wuce dukawa da masu turare, ina tafe ina tambaya, har aka nuna mini rumfar wani dattijo mai sayar da kayan da. Gabansa faranti ne cike da tsofaffin kuɗi: anini da kwabo masu huda a tsakiya, taro, sisi da sule, waɗanda aka yi ta kashewa kafin zuwan naira a 1973.

Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa. Na ce, "Baba, a duba da kyau, 1780 ne a jiki. Ya haura shekara ɗari biyu."

Ya yi murmushi, ya buɗe wani gwangwani ya zubo guda biyar a kan tabarma. Ya ce, "Ɗana, karanta." Kowanne 1780! Gabana ya faɗi.

Ashe matar da ke jikin kuɗin ita ce Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, wadda ta rasu a 1780. Fatake sun riga sun yarda da kuɗin, ba sa karɓar wanda aka sauya wa kama, shi ya sa aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar. An buga a Landan da Rum da Faris da Bombai, kuma har gobe ana buga shi a Biyana. Ayarin raƙuma ne suka riƙa kawo shi ƙasar Hausa ta Sahara, mata suka mai da shi ado, maƙeran Agadas kuma suna narka shi su ƙera kayan wuya.

Dattijon ya kara masa maganaɗisu, bai kama ba. Ya sake shi a kan dutse, ya yi ƙara siririya mai daɗewa. Ya duba rubutun da ke kewaye da gefensa da mikiya mai kai biyu da ke bayansa, sannan ya ɗora shi a sikeli: giram 28. Ya ce, "Na gaske ne. Jabu ba ya wannan kuka. Ka kuma yi sa'a ba ka goge shi da toka ba. Masu tara tsofaffin kuɗi sun fi son sa da duhunsa, kuma wanda aka huda don rataya farashinsa faɗuwa yake."

Kuɗin da ya taya bai kai wanda na ci buri ba, amma ya cike abin da nake nema. Na zaga rumfa biyu na ji tayinsu, na dawo wurinsa. Kafin in sallama, ya ce in ciro takarda daga jakata. Ya ɗora ta a kan liyarin, ya ce in goga fensir a hankali. Fuskar sarauniyar ta fito sarai.

Da yamma na kai wa Kaka kuɗin da takardar. Ta miƙo mini kuɗin ba ta ƙirga ba. Takardar kuwa ta daɗe tana kallonta, sannan ta ninke ta ƙulle a bakin zanenta.