Keke A Bakin Teku

A wurinmu nan Kanya keke jakin gida ne. Da shi ake kai dawa niƙa, a ɗauro jarka biyu ta ruwa a kariya, a kai mara lafiya Ribah. Ban taɓa jin wanda ya hau shi don nishaɗi ba. To ashe akwai mutanen da ke tara kuɗi shekara guda don kawai su tuƙa shi kwana da kwanaki a gefen teku.

Da idona na gan su, shekarar da na bi yayata sarin atamfa daga Legas zuwa Kwatano. Mun wuce Badagiri kenan sai ga Turawa biyu, mace da namiji, kowa da jakunkuna rataye a gefen taya, rana ta gasa su sun yi jawur. Matan cikin motarmu suka kwashe da dariya, wata ta ce, "Allah Sarki, talauci har Bature bai bari ba!" Direba ya ce ai Gana suka nufa. Ni dai ban yi dariya ba, lissafi na shiga yi.

Daga Legas zuwa Accra, wadda iyayenmu ke kira Ankara, bai kai kilomita 500 ba, amma ƙasa huɗu ce da iyaka uku. Ki tsallake Seme ki shiga Benin, ki canza naira zuwa sefa. Bayan Kwatano akwai hanyar masunta da ke bin gaɓa har Wida, bishiyoyin kwakwa a dama, igiyar ruwa na rugugi a hagu, maza sun yi layi suna jan taru. A Widan ne aka gina wata babbar ƙofa a 1995 don tunawa da bayin da aka loda a jiragen ruwa ba su dawo ba. Mai mota kan wuce wurin fuu, amma mai keke dole ya tsaya, ko don ya sha ruwa. Togo kuwa siririya ce, gaɓarta kilomita hamsin da 'yan kai, kya karya kumallo a bakin iyaka ki yi azahar a Lome. Daga nan sai Aflao, sai kuɗin sidi. Kuma Kwatano da Lome da Ankara duk akwai zangon Hausawa, ba za ki rasa mai amsa miki sallama da tuwon dare ba.

Ba wai sauƙi gare ta ba fa. Iskar tekun daga kudu maso yamma take busowa yawancin shekara, mai zuwa Gana da ita zai yi ta kokawa. Gishirin cikinta yana cin sarƙa, ga yashi, ga manyan motoci.

Ga lissafin nawa. Yarinyar da ke tuƙa kilomita biyar zuwa makaranta, biyar dawowa, a kwana hamsin ta yi tafiyar Legas zuwa Ankara har da ƙari, kuma a kan hanyar da ta fi waccan ramuka. Ƙafar da Baturiyar nan take taƙama da ita, 'ya'yanmu suna da irinta. A 1963 wata mata 'yar ƙasar Ailan, Dervla Murphy, ta tuƙa keke ita kaɗai har Indiya, ba ta kuma fi 'yar Kanya ƙashi ba.

Abin da ta fi mu biyu ne. Na farko hanya. Kowa a nan ya san abin da ya faru a watan Maris na 2022, da 'yan bindiga suka kashe sojoji da 'yan sanda a garin nan, kuma tun kafin nan uwa ba ta sakin jiki in ɗanta ya fita bayan la'asar. Wannan ya fi ƙarfinmu, sai addu'a da matsa wa hukuma.

Na biyun kuwa a bakinmu yake. Da yarinya ta fara girma sai mu ce ta sauka, wai keke na lalata budurci, wai ba mai aurenta. Ke 'yar uwa, wa ya gaya miki? Mu dai muka ji daga iyaye muka ɗora. Sai a bai wa ƙaninta keken, ita ta taka a ƙasa, ta isa aji an yi nisa, daga baya a ce ba ta da ƙoƙari a cire ta.

Tawa 'yar shekararta goma sha biyu. Na ɗinka mata wando a ƙarƙashin hijabi, kuma kawunta ya koya mata yin faci da kanta.