Garin Neman Gira

A gidanmu na Rimin Gado hoton mahaifinmu guda ɗaya tak muke da shi. An ɗauke shi a birnin Kano cikin 1973, shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo. Ya rasu ina da shekara shida, saboda haka abin da na sani na kamanninsa, rabi daga hoton nan ne, rabi daga bakin Inna. Hoton ya daɗe a cikin adaka, damina ta yi ta wucewa, har ya koɗe ya yi dishi-dishi, kamar an watsa masa rairayi.

Ran nan na taso daga ofis, bayan magariba, sai ɗan wana da ke karatu a Kano ya ce, "Baffa, kawo hoton nan in gyara maka da waya." Na ɗauko. Ya haska shi da tocila, ya ɗauke shi da wayarsa, ya danna nan ya danna can. Kafin in gyara zama sai ga wani kyakkyawan mutum ya fito tangaran, fuska sumul, idanu tar. Murna ta kama ni. Har na ƙudura a raina gobe in kai a wanke mini babba in rataye a zaure, tsohon kuwa in bar wa yara su yi wasa da shi.

Na shiga wurin Inna na miƙa mata wayar. Ta duba, ta ƙara dubawa, ta ce, "Wannan kuma wane ne?"

Na ce, "Malam ne, Inna."

Ta ce, "A'a. Malam yana da bille a kuncin hagu. Ina billen? Rigar nan kuma aska biyu ce, ni na wanke ta ranar da zai tafi birni. Ina aikin? Wannan dai ɗan wasu ne, Allah ya raya musu. Ba shi na zauna da shi shekara ashirin ba."

Jikina ya yi sanyi. Tun daga ran nan na shiga binciken yadda abin yake, ga kuwa abin da na gane.

Ka sani, ya mai karatu, hoton waya ɗige-ɗige ne ƙanana ƙwarai aka jera, kamar gero a faifai, wani hoton yakan kai ɗigo miliyan 12. In haske ya yi ƙaranci, sai waɗansu ɗigogin su yi fari fiye da kima, waɗansu su yi baƙi, shi ne rairayin nan da kake gani a hoton dare. To, gyara iri biyu ake yi. Na fari shi ne share rairayin, watau na'ura ta duba kowane ɗigo ta daidaita shi da maƙwabtansa. Wannan kamar shiƙar hatsi ne: iska kaɗan ta kwashe ƙaiƙayi, in ta yi ƙarfi ta tafi har da tsaba. Haka aikin rigar Malam ya tafi. Na biyu shi ne ƙara kaifi, watau duk inda duhu ya yi iyaka da haske, a ƙara wa duhun duhu, a ƙara wa hasken haske. Wannan kuwa kamar kwalli ne: yana fito da ido, amma ba ya ƙara masa gani.

Tun 1990 da aka fito da Photoshop a Amurka masu sana'ar hoto suke irin wannan aiki a kwamfuta. Amma na wayoyin yanzu sun wuce nan. An nuna musu fuskokin mutane dubu dubbai, saboda haka in sun tarar da wurin da ya goge, sai su cike shi da abin da suka saba gani. Ba tunawa suke yi ba, kintace suke yi. Cikin 2020 wani ya sa hoton Barack Obama mai dishi-dishi a irin wannan na'ura, sai ta fito da fuskar Bature. To, na'urar da ta yi wa wanda ya shugabanci Amurka haka, ina za ta san askar wanzamin ƙauyenmu? Ta ɗauka billen ƙarzuwa ce a takarda, ta share.

Kashegari da hantsi muka sake. Muka shimfiɗa hoton a inuwar darbejiya inda haske ya wadata, yaron ya goge idon wayar, ya dafa gwiwa don kada hannu ya yi rawa. Gyara kaɗan ya yi, muna yi muna gwadawa da na asali. Bai fito tangaran ba, amma billen yana nan. Inna ta daɗe tana kallo, sa'an nan ta ce, "Allah ya jiƙan Malam."

Ba na hana kowa gyaran hoto, abu ne mai amfani. Amma ga shawarata. Kada ka yar da na asali, ka nisanta shi da laima da gara. Ka ɗauka da rana, gama abin da haske bai kama ba, babu na'urar da za ta komo da shi. In ka gyara, ka nuna wa tsofaffin da suka san mai hoton tun suna raye. Sa'an nan tun da Allah ya sa ka iya rubutu, ka rubuta sunansa da shekara a bayan takardar.

Ni saura kaɗan in rataye baƙo a zaurenmu, jikoki su tashi suna kiransa kakansu. Garin neman gira na kusa rasa ido. Allah ya kiyashe mu, amin.